Ambaliyar Lugbe daga kan tudu take tasowa

Ranar Juma'a, 23 ga Yuni, 2023, ruwan sama da aka tafka da safe ya auka wa rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, a kan hanyar filin jirgin saman Abuja. Hukumar agajin gaggawa ta birnin ta ce gidaje 116 ne ruwan ya mamaye. Ba a jima ba mahukunta suka ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, suka ce za a yi rusau, su kuma mazauna suka garzaya kotu suka samo umarnin a dakata. Ba wannan ne farau ba. A Satumbar 2021 ruwa ya ci rayuka a wannan unguwar, kuma a Yunin 2024 ya sake dawowa. Mutanen Lokogoma ma sun san irin wannan tashin hankali, haka masu bin shataletalen Galadimawa, inda a Agustan 2019 ruwa ya tafi da wani darakta na Babbar Kotun Abuja.

Duk lokacin da haka ta faru, gardamar ɗaya ce. Jami'ai su ce an yi gini a kan hanyar ruwa. Masu gidaje su fito da takardun saye, su ce kwalbatocin da ke gaba da su ne suka yi ƙanƙanta, kuma gine-ginen da aka yi ta jerawa a sama da su ne suka ƙaro musu ruwa. Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya. Abin da ke damuna shi ne hankalin kowa yana kan gidan da ruwa ya shiga, babu mai waiwayar dubban gidajen da ruwan ya fito daga cikinsu. Mai gida a kan tudu ya rufa kwano mai faɗi, ya daɓe tsakar gidansa kaf da siminti, ya huda rariya a gindin katanga ya sako komai titi. Da yamma yana kallon hotunan ambaliyar a wayarsa yana cewa Allah ya kyauta, da zuciya ɗaya, bai san da hannunsa a ciki ba. A ganina, muddin ba a ɗora wa kowane sabon gini alhakin ruwan da ya sauka a kansa ba, rusau da faɗaɗa lambatu ba za su raba Abuja da wannan masifa ba.

Lissafin ba shi da wuya. Idan ruwan sama na milimita ɗaya ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, an samu lita ɗaya ke nan. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, wanda kowa ya sani, ya kai murabba'in mita 465 ko kusa da haka. A ce an yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, abin da ba baƙo ba ne a daminar Abuja. Lita dubu 23 ce ta sauka a wannan fulotin shi kaɗai. Lokacin da wurin yake gona ko daji, ciyawa da ganye da saiwoyi da ramukan ƙasa suna riƙe mafi yawansa, abin da ke gangarewa bai cika wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba, sai fa in ƙasar ta riga ta ƙoshi. Da zarar an rufe wurin da kwano da kankare, kusan kashi 90 ne ke fita. Wato wajen lita dubu 21, fiye da duro 100 na lita 200, daga gida ɗaya, a ruwa ɗaya. Rukunin gidaje 500 masu irin wannan tsari zai sako sama da lita miliyan 10, abin da zai cika tankar mai ta lita dubu 33 fiye da 300, ba a ma haɗa da na titunan cikin rukunin ba.

Yawan ruwan ma bai kai saurinsa haɗari ba. A daji, ɗigon da ya faɗi a kan tudu yana iya yin sa'o'i kafin ya isa rafi, yana ratsa ciyawa, yana tsayawa a ɗan kwari, wani ma ya nutse ya ɓullo a ƙorama bayan makonni. A unguwar da aka shafe da siminti kuwa, daga kwano sai indararo, daga indararo sai daɓe, sai rariya, sai lambatu, cikin 'yan mintoci ya isa ƙasa. Kowane gida haka, a lokaci guda. Shi ya sa waɗanda abin ya shafa suke faɗin magana iri ɗaya, cewa kafin su ankara ruwa ya kai ƙugu. Rafin da a da yake tasowa a hankali ya kwana yana janyewa, yanzu yana tumbatsa cikin rabin sa'a. Kuma ruwa mai gudu ba abin wasa ba ne: zurfin santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 tana iya ɗaga ƙaramar mota.

A nan ne maganin da muka fi so yake zama guba. Idan unguwa ta sha ambaliya, abin da shugabanninta ke nema shi ne a miƙe rafin, a zuba masa kankare gefe da gefe. Ruwa yana gudu a cikin kankare ninki biyu zuwa uku fiye da yadda yake tafiya a rafi mai lanƙwasa da ciyawa da duwatsu. Unguwar ta huta, gaskiya ne, amma ruwan bai ɓace ba. An dai aika shi ga na gaba da sauri da ƙarfi, ya je ya tarar da kwalbatin da aka auna lokacin da kewayen duk gonaki ne. Ruwan birnin Abuja daga tsaunukan arewa maso gabas yake gangarowa, ya bi ƙananan koguna irin su Jabi da Wupa, ya shiga Usuma, ya ratsa Gwagwalada, ya haɗe da Gurara, daga nan sai Neja. Duk wanda ya gaggauta sallamar ruwansa, akwai wani a ƙasa da zai karɓa, kuma galibi wanda ke ƙasan bai kai shi ƙarfi ba.

Sai maganar fadama, wadda nake ganin an fi zalunta a cikin wannan lamari. A idon dillali, fadama fili ne da bai samu gyara ba: a kawo tifa ɗari ta jar ƙasa, a yi ciko, a yanka fulotai. Alhali aiki take yi, kuma aikin da babu injiniyan da zai yi shi kyauta. Idan rafi ya cika, fadama ce ke karɓar rarar, ta shimfiɗa ta a faɗi, ta rage mata gudu, ta riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Hekta ɗaya ta fadama da ruwa ya kwanta a kanta zurfin rabin mita ta riƙe lita miliyan 5. Wanda ya cike wannan hektar ya ɗaga ta, ya tura lita miliyan 5 ɗin zuwa wani wuri, ko dai gidan da ke tsallaken rafin ko wanda ke ƙasa. Fadama kuma tana tace ruwa: laka ta kwanta, ciyayi su tsotse ƙazanta, abin da ya wuce ya fi wanda ya shigo tsabta. Da rani ita ce ke ciyar da ƙorama da masu lambun alayyafo da rake, ita ce kuma ke taimakon ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Wannan batu na ƙarshe ya kamata ya taɓa aljihun kowa. Yawancin sababbin unguwannin Abuja ruwan famfo bai kai gare su ba, da rijiyar burtsatse ake rayuwa, ko a sayi ruwa a hannun 'yan ga-ruwa. Ƙarƙashin Abuja dutse ne, ruwan da burtsatse ke zuƙowa yana zaune ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikinsa, kuma ruwan sama ne kawai ke sake cika su. Mun toshe ƙofar da ruwa ke shiga ƙasa da damina, sannan a watan Maris muna mamakin yadda burtsatse ke tsotso iska. Gida mai rufin murabba'in mita 200, a shekarar da aka samu ruwan sama milimita 1,200, lita dubu 240 ce ta zuba a kansa ta wuce. Mai gidan nan ne kuma zai sayi tanka idan rani ya tsananta.

Waɗanda suka tsara Abuja sun san da wannan duka. Bayan Janar Murtala Muhammad ya kafa dokar sabon babban birni a Fabrairun 1976, wani gungun kamfanonin Amurka ya miƙa babban tsarin birnin a 1979. Tsarin ya bar kwaruruka da bakin rafuka a matsayin wuraren da ba a gini, aka mai da wasu lambunan shaƙatawa, aka bi ta cikinsu da manyan bututun ƙazanta da ke gangarawa matatar Wupa. Wanda ya lura da tsofaffin gundumomi irin su Maitama da Wuse da Garki zai ga ragowar wannan tunani: kwari mai bishiyoyi yana ratsa tsakanin unguwanni, gada tana tsallake shi da faɗi. An yi tsarin ne da hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, sannan a tsaya a miliyan 3 da 'yan kai. Tun da gwamnati ta tare a Disambar 1991 jama'a ke kwarara, gidaje kuma ba sa isa.

Don a cike wannan giɓi ne aka ɓullo da shirin gina gidaje masu yawa a shekarar 2000. Aka riƙa ba kamfanoni masu zaman kansu manyan filaye a gundumomi irin su Lokogoma da Galadimawa da Dakwo, bisa sharaɗin gwamnati za ta kawo manyan tituna da manyan magudanan ruwa, kamfani kuma ya yi na cikin gida. Gidajen sun riga magudanan zuwa. Kowane kamfani ya zagaye filinsa da katanga, ya tattara ruwansa ya kai bakin iyaka ya sake shi, abin da ya biyo baya ba ruwansa. Wanda filinsa ya haɗa da rafi kuwa, ya ga kowane taku na bakin rafin kuɗi ne, sai ya matse shi, ko ya karkatar da shi, ko ya binne shi a cikin kwalbati ya yi gini a kai. Lugbe kuma ta bunƙasa ne a gefen hanyar filin jirgi da saurin da ya fi ƙarfin masu sa ido.

Dokoki suna nan. Akwai dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, akwai dokar tsara birane ta wannan shekarar, akwai ƙa'idojin kare fadamu da gaɓar koguna da tafkuna da aka fitar a 2009 ƙarƙashin NESREA, hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, ga kuma sashen kula da gine-gine na Abuja da ke ba da izini. Amma akwai wata kafa da ruwa ke bi ya wuce su duka. Jadawalin dokar nazarin muhalli ta 1992 ya wajabta cikakken nazari ga aikin gidaje da ya kai hekta 50 ko fiye. Rukunoni da yawa ba su kai haka ba. Ko an nemi ƙaramin rukuni ya kawo rahoto, rahoton a bakin katangarsa yake tsayawa. Rukuni mai hekta 10 zai iya rantsuwa cewa ruwansa bai isa ya nutsar da kowa ba, kuma ya yi gaskiya. Irinsa 30 a kwari ɗaya kuwa hekta 300 ce ta kankare, kuma ba a cika zama a tara lissafinsu wuri guda kafin a sa hannu ba. Rafi bai san iyakar fuloti ba, jimilla yake karɓa.

Ana yawan jingina komai ga sauyin yanayi. Yana da nasa kason: duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin ɗari, don haka ruwa mai sauka da ƙarfi cikin ɗan lokaci zai ƙaru. Amma a auna kashi 7 da abin da muka gani a lissafin fuloti, inda ruwan da ke fita ya ninka sau huɗu ko fiye. Siminti ya fi sauyin yanayi saurin canza halin rafukan Abuja, kuma shi ne wanda ke hannunmu.

Abin da ya kamata a yi ba baƙon tunani ba ne ga Bahaushe. A tsohon gari, mutum ba ya juya indararonsa ya zuba a bangon maƙwabci, in ya yi mai unguwa zai kira shi, in ta ƙi a je gaban alƙali, kuma hujjar a bayyane take a hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa. Tsohon birnin Kano ma kududdufai ne suka riƙa karɓar ruwan unguwanni. Ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan damina, kuma tun da aka shiga cike su ana gini a kai unguwannin suka ƙara sanin ambaliya. Bambancin yau shi ne maƙwabcin da kake cutarwa yana iya kasancewa kilomita biyar a ƙasa da kai, ba ka san sunansa ba, shi ma bai san naka ba. Tunda mai unguwa ba zai iya haɗa ku ba, dole ƙa'idar izinin gini ta tsaya a madadinsa. Ƙa'idar kuma guda ce: ruwan da zai fita daga fili bayan an gina shi kada ya fi wanda yake fita kafin a gina yawa a lokaci guda. Wanda zai yi gini shi zai nuna a kan takarda inda rarar za ta tsaya.

A matakin gida ɗaya, abu mafi sauƙi shi ne a bar ƙasa ta sha iska. Babu dalilin daɓe tsakar gida daga katanga zuwa katanga. A yi daɓe inda mota ke bi da inda ake taka ƙafa, sauran a bar shi ciyawa ko tsakuwa ko bishiya, a kuma karkata daɓen ya zubar da ruwansa a kan wannan ƙasar maimakon ya nufi ƙofa. Mutane da yawa suna zaton intalok yana shan ruwa. Wanda aka shimfiɗa a kan kankare, ko aka matse shi aka cike tsakaninsa da siminti, bai da bambanci da daɓe. Sai an ɗora shi a kan tsakuwa an bar masa ƙofofi kafin ya yi wannan aiki. Bayan haka sai tanki a ƙarƙashin indararo. Tankin lita 5,000 zai cika da ruwan milimita 25 daga rufin murabba'in mita 200. Sai dai a nan akwai abin lura da ake yawan tsallakewa: a watan Agusta, lokacin marka, tankin a cike yake kwana, kuma cikakken tanki ba ya tare komai. Dabarar ita ce a sa ƙaramin bututu a tsakiyarsa, rabin ƙasa ya zama na amfanin gida, rabin sama kuma ya riƙa tsiyayewa a hankali cikin yini guda, don ruwa na gaba ya tarar da wuri.

Ramin da ke shanye ruwa, irin sokawe amma na ruwan sama zalla, yana aiki sosai a kan tudu mai ƙasa mai yashi ko ɓurji. Dole a nisanta shi da harsashin gini, a kuma raba shi da ramin masai da rijiya. A inda dutse yake kusa da sama, ko ƙasar yumɓu ce, amfaninsa kaɗan ne. A cikin fadama kuwa ba ya aiki ko kaɗan, domin da damina ruwan ƙasa yana dab da sama, ramin da kansa zai cika tun kafin a yi ruwa. Wannan ne ma ya sa gidajen da aka gina a kan ciko suke fama da masai mai tumbatsa da bango mai jiƙa da fenti mai ɓarewa, kuma idan ambaliya ta zo, abin da ke cikin ramukan masai ne ke fitowa ya gauraya da ruwan da yara ke tsomawa a ciki. Saboda haka dabarun nan na mutanen tudu ne. Ba su zama lasisin shiga fadama ba.

A matakin rukunin gidaje, babban abin da ake bukata shi ne fili a wuri mafi gangare, a haƙa shi ya zama tafkin jinkirta ruwa, mai ƙaramar mafita. Ruwa ya shigo da gudu, ya taru, ya fita a hankali. Na san abin da za a ce: sauro, da kuma tsoron kada yaro ya faɗa. Damuwa ce ta gaskiya kuma tana da amsa. Sauro yana bukatar kusan mako guda daga ƙwai zuwa tashi, tafkin da aka tsara da kyau kuwa yana tsanewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan aka yi shi da faɗi, marar zurfi, gefensa a kwance, yawancin shekara filin ƙwallo ne. Lambatun da shara ta toshe, wanda ruwa ke kwana a ciki wata da watanni, shi ne gidan sauro na ainihi, kuma muna da shi a kowane layi. Matsalar da ta fi wannan ita ce kuɗi: wurin tafkin fuloti biyar ne ko goma da kamfani ba zai sayar ba. Babu kamfanin da zai bar su don Allah alhali abokin gasarsa bai bari ba, sai an wajabta wa kowa. Sannan a rubuta tun farko wa zai riƙa kwashe lakar da ke taruwa, domin kamfani yana sayar da gida na ƙarshe yake tafiya, ƙungiyar mazauna ce ke gadar komai.

Lokacin gini kansa yana da nasa ɓarnar, kuma ba a cika maganarsa ba. Buldoza ta kankare hekta 20 a watan Maris, a bar jar ƙasa tsirara, ruwan farko na Afrilu ya wanke ta zuwa rafi. Yashin da tifa ta juye a bakin titi shi ma rabinsa a lambatu yake ƙarewa. Kwalbatin da laka ta cike rabinsa, ga robobi da ledoji a bakinsa, ba zai ɗauki abin da aka auna masa ba. A share fili kashi-kashi, a bar ciyawar bakin rafi yadda take, a dasa jema ko gora a gangaren da aka yanka: ba su da tsada, sa ido kawai suke so.

Wasu ƙasashe sun bi ta aljihu. A garuruwa da yawa na Jamus, kuɗin magudanar ruwan sama da mai gida ke biya ya danganta da faɗin wurin da ya toshe a filinsa, wanda ya bar ƙasa a buɗe sai ya biya kaɗan. Kigali, babban birnin Ruwanda, ta kwashe gine-gine da masana'antu daga fadamunta, ta farfaɗo da fadamar Nyandungu mai kimanin hekta 120, aka buɗe ta a 2022 a matsayin wurin shaƙatawa. Abuja ta fi birane da yawa damar yin irin wannan, domin ƙasar birnin duk a hannun gwamnatin tarayya take, minista ne ke rabawa, kuma bayanan filaye suna hannun AGIS, hukumar da ke adana taswira da rajistar filayen Abuja. Abin da ya rage shi ne a zana wa kowane rafi iyakar da ruwansa ke kaiwa, a ɗora ta a kan taswirar fulotai, a buɗe ta kowa ya gani a wayarsa kafin ya biya kuɗi. Cewa a ja baya mita kaza daga bakin rafi bai wadatar ba, don a wuri mai gangare 'yan mitoci sun isa, a shimfiɗaɗɗen kwari kuwa ruwa yana iya yin mita ɗari a faɗi. Kuma a auna iyakar da yadda kwarin zai kasance bayan an gama gina shi duka.

Rusau fa? Ba zan ce kada a taɓa yi ba. Gidan da ke zaune a tsakiyar hanyar rafi, babu dabarar da za ta cece shi, kuma yana jefa maƙwabta cikin haɗari. Mutanen Jos ba su manta da Yulin 2012 ba, lokacin da ruwa ya bi ta Rikkos da Gangare da dare ya kashe mutum 35 ko fiye, yawancinsu a gidajen da ke manne da rafi. Amma adalci yana bukatar a tambayi yadda gidan ya zo wurin. Wanda ya tara kuɗin fanshonsa ya sayi gida a rukunin da ke da allo da ƙofa da masu gadi, shi ne mafi ƙarancin laifi a cikin jerin. Akwai wanda ya yanka fulotin, akwai wanda ya sa hannu ko ya kau da kai, akwai kuma talakan da rusau na baya ya koro daga cikin gari bai samu inda zai iya biya ba sai bakin rafi. In za a rushe, a fara da bin kamfanin da jami'in, a kuma tanadi inda mutane za su koma. In kuwa aka rushe gidaje ɗari a ƙasa aka bar dubu goma a sama suna ƙara siminti, iyakar ruwan za ta matso ne kawai, layin da ke bayan waɗanda aka rushe ya zama sabon bakin rafi.

Mai shirin sayen fili ko gida, kada ya yarda da ganin rani. Kasuwar filayen kwari a watannin Janairu da Fabrairu take ci, lokacin da rafi ya zama ɗan zare kuma ƙasa ta bushe ƙayau. A koma a Agusta ko Satumba, washegarin ruwa mai ƙarfi. A duba baƙar ƙasa mai tsagewa, da tukurwa, da kufan gonar shinkafa ko rake, da sabuwar jar ƙasa da ta bambanta da ta kewaye, da layin laka a jikin katangun maƙwabta, da ledojin da suka maƙale a rassan bishiyoyin bakin rafi, don tsayinsu shi ne tsayin da ruwa ya kai. A nemi dattawan Gbagyi na ƙauyen da ke kusa, waɗanda suka noma wurin tun kafin a san za a yi birni, a tambaye su ina ruwa yake kwana. Idan kamfani ya ce injiniyoyinsa sun tabbatar sai sau ɗaya a shekara 100 ruwa zai kai nan, a san ma'anar maganar: kowace shekara akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari, wanda a zaman shekara 30 ya haura kashi 25. Kuma wannan lissafin ma na kwarin yadda yake a yau ne. Don haka tambaya ta gaba da za a yi wa kamfanin ita ce, filayen da ke sama da nan na wane ne, me za a gina a kansu, kuma ina nasu ruwan zai tsaya kafin ya iso.